Lagireton MGB ɗina na yoyo, in sake kai shi gyara ko in sayi sabo kawai?

MaiJarMota:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu tsofaffin motoci ku taimaka min da shawara don abin nan ya fara hana ni sukuni. Ina da MGB, tsohuwar motar Ingila, ƙirar 1972, mai buɗaɗɗen sama, injinta na asali ne mai cc 1798 ba a taɓa canza shi ba, kuma lagireton da ke cikinta ma ina kyautata zaton shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani, na tagulla da jan ƙarfe. Shekara uku ke nan tana hannuna, wajen wani dattijo na same ta wanda ya ajiye ta a gareji ta daɗe ba a tayar da ita ba.

Matsalar ita ce yoyo. Da farko ɗan ɗigo ne nake gani a ƙasa da safe kamar girman tafin hannu, sai na duba na ga wani abu fari-fari da kore-kore ya taru a daidai inda tankin sama ya haɗu da saƙar tsakiya, wato jerin bututu da fallayen nan, kamar gishiri ya bushe a wurin. Na cire na kai aka like min da dalma, ta yi wata huɗu lafiya lau, sai kuma ya dawo amma ba a wurin da aka like ba, ya matsa gefe kamar taƙi ɗaya. Na sake kaiwa aka sake likewa. To yanzu ga shi karo na uku, kuma wannan karon ba ma daga sama ba ne, can ƙasa ne ta ɓangaren da tiyon ƙasa yake na ga danshi, kuma in na yi tafiyar awa ɗaya na dawo na bari ta huce sai na ƙara kusan rabin lita. A kan buɗaɗɗen titi allurar gejin zafi tana zama a kan N, wato daidai, ba ta motsi, amma da na shiga cunkoso na tsaya minti goma sai ka ga tana hawa a hankali tana neman H, wato zafi, ni kuma gabana ya dinga faɗuwa har sai hanya ta buɗe.

Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina in zuba garin nan na toshe yoyo da ake sayarwa, wani ya ce in jefar da shi in sa na alminiyam an wuce wurin. Ni kuma gaskiya ina son in buɗe bonet in ga motar nan yadda aka ƙera ta, baƙin lagireton nan da tankinsa mai lanƙwasa yana cikin abin da nake so a jikinta. Amma kuma ba na so son asali ya sa in ƙona inji. Wanda ya san abin dan Allah ya faɗa min gaskiya, akwai sauran rai a lagireton nan ko lokacinsa ya yi?

TsohonMaiDalma:

Wa alaikumus salam. Yaro na, na fi shekara talatin ina wannan sana'ar kafin idona ya ce in huta, kuma irin labarinka na ji shi ba adadi. Bari in fara da garin toshe yoyo don shi ne mafi saurin amsa: kar ka zuba. Shi garin nan bai san ramin yoyo da ramin hanya ba, duk inda ya samu ƙunci nan yake maƙalewa, kuma bututun lagireto mai shekara hamsin dama can sun riga sun ƙuntace da tsatsa da ɓawon ruwa. Zai tsayar maka da ɗigon na ɗan lokaci ya kuma toshe maka bututu biyar ko shida da ƙaramin lagireton hita da ke ciki. Abin na wanda ya maƙale a hanya ne yana neman ya isa gida, ba na mai mota a gareji ba.

Yanzu ga abin da nake so ka yi tun kafin ka kwance komai. In inji ya huce sarai, ka sa ɗan yatsanka a kan 'yan siraran fallayen nan da ke tsakanin bututu, musamman na ƙasa ta ɓangaren fanka, ka shafa a hankali ba da ƙarfi ba. In suna lanƙwasawa su tsaya, akwai sauran ƙarfi. In kuwa suna marmashewa suna zubowa a hannunka kamar busasshen ganye, to saƙar ta mutu, duk dalmar duniya ba za ta tashe ta ba. Waɗannan fallayen ba ado ba ne, su ne ke kwashe zafi daga bututu su ba iska, kuma su ne ke riƙe bututun kar su kumbura in ruwa ya yi matsi. Da zarar sun zube sai bututun ya dinga numfashi, ya kumbura ya sace, har ya tsage.

Farin abin nan da ka gani kamar gishiri kuwa dalmar ce ta ruɓe. Shi ya sa ake like nan ya ɓulle can. Wanda ya like maka bai cuce ka ba, sai dai wutar da ya sa ya narka sabuwar dalma tana ƙara raunana tsohuwar da ke kusa, haka za ka yi ta bin sa kana faci har ka zagaye tankin. Aikin gaskiya shi ne a cire tankin sama gaba ɗaya, a kankare tsohuwar dalma tas har sai tagulla ta fito tana ƙyalli, sannan a leƙa cikin bututu ɗaya bayan ɗaya. A nan ake sanin gaskiyar lagireto. Na sha buɗe wanda a waje kamar sabo, a ciki kusan rabin bututun a toshe da laka mai launin ƙasa, ka zura siririn ƙarfe ya ƙi wucewa. Kuma abin da ka faɗa na zafi a cunkoso ya sa ina zargin naka haka yake.

In tankunan sama da ƙasa ba su tsattsage ba, abin da zan ce maka shi ne a canza saƙar tsakiya kawai. A bar maka tankunanka da ƙarafunan gefe, a sa sabuwar saƙa, a haɗa da dalma, a toshe bakunan a hura iska a nutsa shi cikin ruwa a ga ko kumfa zai taso, sannan a fesa baƙin fenti marar kauri. Ka mayar da shi ya zauna daram a ramukan da ya baro, tiyo ya shiga ba ja ba lanƙwasa, wanda ya buɗe bonet ba zai san an taɓa ba. Kuma za ka iya cewa a sa maka saƙa mai layin bututu fiye da na da ko mai fallaye masu yawa, ta fi ta asali sanyaya ruwa. Sai dai ka sani a wurare da yawa wannan aikin ya kan kai kuɗin sabon lagireto ko ya fi, kuma masu iya shi suna ƙarewa, don motocin yanzu tankin roba ne da saƙar alminiyam, in ya lalace jefarwa ake yi.

Tambaya ɗaya zan maka, lamba nawa ke rubuce a kan murfin lagireton naka?

MaiJarMota:

Baba na gode Allah ya ƙara lafiya. Yanzu na fita na duba, 15 ne a rubuce a kan murfin. Ni na saya bara da na ga robar tsohon ta tsage, na ɗauka murfi murfi ne in dai ya ɗaura. Fallayen kuma na shafa kamar yadda ka ce, na sama suna da ƙarfi amma layi uku ko huɗu na can ƙasa wallahi sun zubo min a yatsa kore shar.

TsohonMaiDalma:

To ka ga ɗaya daga cikin masu laifin. Motarka ta 1972 murfin psi 10 take so, psi ɗin nan ma'aunin matsi ne. Na farko-farko na shekarun 1962 zuwa 1967 ma psi 7 ne, sai can a ƙarshe daga 1977 da suka matsar da lagireto gaba suka sa fankar lantarki da ƙaramin tankin ajiyar ruwa daban sannan aka kai 15. Kai ka ɗauki murfin ƙanwarta ka ɗora mata. Aikin murfi shi ne ya riƙe matsi don kar ruwa ya tafasa da wuri, ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100, da psi 10 sai ya kai wajen 115, da psi 15 wajen 121. In matsin ya wuce lambar sai murfin ya buɗe ya saki. To kai ka ce wa tsohuwar dalma da tsofaffin bututu su ɗauki rabin kaya a kan wanda aka yi su dominsa, dole inda ya fi rauni ya saki. Ka duba lokacin da yoyon ya fara da lokacin da ka sayi murfin, ina jin ba za su yi nisa da juna ba.

Amma kar ka ce canza murfi zai warkar da shi, fallayen da suka zubo sun riga sun ba ka amsa.

Datsun_240Z:

Salam. Da girmamawa ga Baba, duk abin da ya faɗa a kan gwaji haka yake, amma ni ina ɓangaren alminiyam kuma zan faɗi dalilina. Tawa Datsun 240Z ce ta 1971 mai silinda shida, kuma ba motar ajiyewa a kalla ba ce, ina hawanta sosai har doguwar tafiya. Na yi ta fama da na tagulla shekara biyu, daga baya na sa na alminiyam mai layi biyu na faffaɗan bututu, tun daga ranar ban ƙara kallon geji da fargaba ba ko a tsaye nake fanka na juyawa a hankali.

Mutane suna cewa ai jan ƙarfe ya fi alminiyam ɗaukar zafi, kuma gaskiya ne in ƙarfe da ƙarfe za a gwada, jan ƙarfe ya kusa ninka shi. Amma tsohon lagireto ba jan ƙarfe zalla ba ne, fallayen ne jan ƙarfe, bututun tagulla ne, kuma abin da ya haɗa su dalma ce wadda ba ta wuce da zafi da kyau ko kaɗan, to zafin sai ya ratsa ta cikin dalma kafin ya isa fallaye. Shi kuwa na alminiyam duk jikinsa abu ɗaya ne aka gasa ya haɗe, kuma da yake ana iya yin bututunsa da faɗi har inci ɗaya, ruwa ya fi samun wurin taɓa bango, iska kuma ta fi wucewa don layukan ba su da yawa. Ga rashin nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga nawa.

Amma fa zan gaya maka inda ake faɗawa rami don ni ma na faɗa. Na farkon da na saya ta intanet mai araha ne, a hoto yana ta ƙyalli, da ya iso ramukan kusoshi ba su dace ba sai da na faɗaɗa su, bakin tiyon ƙasa ya karkace, kuma ashe bututun da gam aka manna su da farantin tanki ba gasawa aka yi ba. Wata takwas ya fara tsattsafo ta kusurwa, na zaga da shi ba wanda ya yarda ya taɓa, don alminiyam ba ya karɓar dalma irin ta tagulla sai mai waldar alminiyam, shi ma in a tankin ne, in a saƙar ne sai haƙuri. Wannan ita ce babbar illarsa kuma ba zan ɓoye ba: na tagulla ko'ina ka samu mai wuta da dalma zai iya tsayar maka da yoyo ka ci gaba da tafiya, na alminiyam in ya tafi ya tafi. Na biyun da na saya daga masu yin sa musamman don wannan motar shi ne ke ciki har yau. In za ka sa, ka sa roba a tsakaninsa da jikin mota kar ka ɗaure shi ƙam ƙarfe da ƙarfe, don alminiyam ba ya son jijjiga da murɗawar bodi, tsagewa yake yi a bakin walda. Kuma ka auna kaurinsa kafin ka biya, a MGB tsakanin fanka da lagireto ba wani fili sosai, in ya yi kauri kuma robobin da ke riƙe inji sun saki, birki ɗaya mai ƙarfi inji zai zamo gaba fanka ta yanka maka sabon lagireto.

Maganar kamanni kuma ana iya fesa masa baƙin fenti, daga nesa ba mai ganewa, amma daga kusa waldar tankin tana nunawa, wannan kam ba zan yi musu ba.

Spitfire1500:

Sannunku. Ni tambayata ga mai motar, ka tabbata duk ruwan da kake rasawa ta lagireto yake fita? Rabin lita a tafiyar awa ɗaya ba kaɗan ba ne, in duk ta wannan danshin yake zuba ya kamata ka ga ƙasan mota jiƙe da feshinsa a jikin inji. Ina tambaya ne don abin da ya same ni da Spitfire ɗita. Na ga yoyo a lagireto na canza sabo fil, bayan sati uku tiyon sama ya fashe, na canza, sai sabon lagireton ma ya fara jiƙewa a wuya. Ashe gasket ɗin kan silinda ne ya ɗan ƙone, hayaƙin inji yana kutsawa cikin ruwa yana hura komai kamar balan-balan, duk inda ya fi rauni sai ya fashe. Kuma babu farin hayaƙi a salansa, mai bai koma kamar madara ba, babu ko ɗaya daga alamomin da ake faɗa. Abin da ya tona shi, da safe inji a sanyaye na tayar, kafin minti biyu na matsa tiyon sama na ji shi tauri kamar taya alhali ruwan ko ɗumi bai yi ba. Aka kawo kwalbar gwajin nan mai shuɗin ruwa aka ɗora a bakin lagireto inji na aiki, muna kallo ya koma ruwan ɗorawa. Na yi baƙin ciki ranar sosai don da na yi wannan gwajin tun farko da ban taɓa lagireton asali na motar ba, kuma na riga na bayar da shi.

Don haka kafin ka kashe ko sisi ka samu famfon gwajin matsi, wanda ake ɗaurawa a madadin murfi. Inji a sanyaye, ka cika ruwa, ka buga zuwa psi 10 kar ka wuce, ka zauna da tocila minti goma sha biyar kana kallon allura kana bin ko'ina. Ka duba ƙarƙashin famfon ruwa akwai ɗan rami da yake ɗiga in sil ɗinsa ya mutu, fanka kuma sai ta kwashi ruwan ta watsa wa lagireto ka ɗauka shi ne ke yoyo. Ka duba bakin tiyon ƙasa da kilif ɗinsa tunda ka ce ta nan danshin yake. Ka duba fayafayan toshe da ke gefen bulok, suna ruɓewa ta ciki. Ka taɓa kafet ta wajen ƙafa ko hita na zuba. Kuma a MGB akwai bawul ɗin hita da ke zaune daidai saman distiributa, in ya fara ɗiga a kanta yake zuba mota ta dinga shaƙewa kana neman laifin filogi.

Kuma dan Allah kar ka taɓa buɗe murfi inji da zafi, ko da tsumma. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100, kana sakin murfi yake tafasa gaba ɗaya ya yo sama.

Datsun_240Z:

Hajiya mai Spitfire ta faɗi gaskiya, na manta da wannan. In ƙara da abu ɗaya, ko wanne ka zaɓa ka wanke cikin inji kafin ka ɗaura. Bulok da kan silindar MGB duk baƙin ƙarfe ne, motar da ta yi shekaru a ajiye tsatsar da ke kwance a hanyoyin ruwanta ba kaɗan ba ce, in ka ɗaura sabuwar saƙa a haka cikin wata ɗaya duk ta kwaso ta cusa a bututun. Ka cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ka sa tiyon ruwa ta sama ka bari ya fita ta ƙasa, ka juya ta ɗaya ɓangaren, hita ma ka yi mata daban, har sai ruwan ya fito garau. Amma ka mayar da tamostat ɗin bayan ka gama, masu cire shi su jefar wai don mota ta yi sanyi ba gyara suke yi ba, inji ne zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba ya dinga shan mai yana cin kansa. Mai digiri 82 shi ne na tsakiya, akwai 74 akwai 88.

TsohonMaiDalma:

Duk na yarda da ku. Ɗana mai Datsun, ba na faɗa da alminiyam, mai kyau yana aiki, kuma wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi ko yake tsere da mota ni da kaina zan ce ya sa. Abin da nake cewa shi ne injin da ba a taɓa ba, lagireton da aka ƙera masa ya ishe shi in yana da tsabta. An yi MGB fiye da dubu ɗari biyar a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, mafi yawansu aka kai Amurka har da jihohi masu zafi, da wannan lagireton suka yi ta yawo. Mutane suna gwada sabon alminiyam da tsohon tagulla mai shekara hamsin rabinsa a toshe sai su ce alminiyam ya fi, ai ko me ka sa sabo zai fi.

Sai maganar ruwan da za ka zuba, don shi ne ya kashe wannan saƙar tun farko. Ruwa zalla yana sa tsatsa, ruwan da ke da gishirin ƙasa kuma yana barin ɓawo a bututu irin na cikin butar dafa ruwa. Ka haɗa kulant da tataccen ruwa irin na batir, ko da inda kake ba a sanyin ƙanƙara, don maganin tsatsar da ke ciki ake nema. Kuma ka nemi irin na da wanda aka rubuta ya dace da tsofaffin motoci masu tagulla da dalma, kar ka sa na zamani mai daɗewa da aka rubuta OAT a jikinsa, an yi shi ne don injinan alminiyam kuma ba ya kare dalma yadda ya kamata. Kar ka dogara da launi, ka karanta jikin galan. Irin na da ɗin ƙarfinsa yana ƙarewa, duk shekara biyu ka zubar ka sake ko da motar ba ta yi tafiya ba. Ruwan da motarka ke ɗauka bai kai lita shida ba ma gaba ɗaya har da hita. In ka zo zubar da tsohon ka tara a roba ka rufe, yana da zaƙi kuma guba ne, yara da dabbobi suna iya sha.

MaiJarMota:

Jama'a na dawo da rahoto, ku yi haƙuri kwana tara shiru, sai da na samu aron famfon gwajin. Na canza murfi zuwa 10 tukuna. Na buga matsi inji a sanyaye kamar yadda Hajiya ta ce, allura ta fara sauka a hankali, na kwanta a ƙasa da tocila sai ga shi ƙiri-ƙiri, bututu biyu a layin gaba can ƙasa suna fitar da ruwa siriri kamar zare, daidai inda fallayen suka zube. Sannan kilif ɗin tiyon ƙasa shi ma yana ɗiga, da na cire tiyon na ga cikinsa duk ya tsattsage ya yi laushi, ashe shi ne ke zubar da mafi yawan ruwan in mota na gudu. Famfon ruwa a bushe yake, bawul ɗin hita ma lafiya. Gwajin shuɗin ruwan kuma mun yi shi sau biyu inji da zafi, bai canza launi ba, wallahi sai da na sauke ajiyar zuciya don tun da na karanta labarin Spitfire ban yi barcin kirki ba.

Na cire lagireton da kaina, ba wuya ashe, sai dai duk kusoshin na inci ne sifanun milimita suna zamewa, sai da na nemo na inci. Na samu wani dattijo da har yanzu yake aikin tagulla, ya sa wuta ya ɗaga tankin sama a gabana, Baba abin da ka faɗa shi na gani da idona, na tsaya na ƙirga bakunan bututun da suka toshe da jar laka sun kai kashi ɗaya cikin uku, wasu ko tsinke ba ya shiga. Ya ƙwanƙwasa tankunan ya duba ya ce lafiyarsu ƙalau, ƙaramar tsaga ɗaya ce a gindin wuyan murfi kuma zai cike ta. Don haka na bar masa a canza saƙa, mai layi uku da fallaye masu yawa, ya ce kaurinta ba zai wuce faɗin tankin ba don haka fanka ba za ta taɓa ba. Yallaɓai mai Datsun na gode da maganar robobin inji, na duba na hagu ya tsage har ya fara rabuwa da ƙarfensa, na yi odar biyu tare da tiyo na sama da na ƙasa da na hita da sabon fanbel. Bulok kuma na wanke shi jiya, ruwan farko da ya fito kamar kunun laka, sai a zagaye na biyar ya washe.

Abu ɗaya ya rage da nake so ku faɗa min, a saman farantin da lagireto ke ɗaure a jiki na ga ragowar wani soso da ya ruɓe ya manne, na kankare shi na zubar. Yana da amfani ne ko in bar wurin haka?

TsohonMaiDalma:

Ka nemo sabo ka mayar. Shi ne ke toshe tsakanin farantin da bonet don iskar da ta shigo ta gaba kar ta tsallake ta sama, dole ta bi ta cikin saƙa, kuma in kana tsaye yana hana fanka ta sake jawo iskar zafin da ke cikin ɗakin inji ta dawo da ita gaba. Wanda ke tsakanin lagireton da farantin shi ma in babu ka sa. In ka zo cika ruwa ka buɗe hita zuwa zafi gaba ɗaya, ka zuba a hankali, ka tayar da inji murfi a buɗe har tamostat ya buɗe ka ji tiyon sama ya ɗau zafi ruwan ya sauka, ka ƙara, sannan ka rufe. Kar ka cika shi har baki, ka bar kamar inci ɗaya ƙasa da wuya don ruwa yana kumbura in ya yi zafi, in ka cika zai tofar da rarar ta ƙaramin tiyo ka ɗauka yoyon ne ya dawo. Bayan tafiyar farko in ta huce ka sake bin kilif ɗin duka da sukuddireba, sabon tiyo yana saki.